Kujerar Shugaban Jami'a: Daga Samaru Zuwa Kabo

A shekarar 2022 gwamnatin tarayya ta amince da kafa sababbin kwalejojin kimiyya da fasaha guda uku, ɗaya a jihar Abiya, ɗaya a Delta, ta ukun kuma a Kabo da ke yammacin jihar Kano. Daga baya aka ɗaga darajar ta Kabo zuwa jami'ar kimiyya da fasaha. Ga mutanen Kabo da Gwarzo, da garuruwa irin su Lakwaya da Getso da Garo, wannan babban labari ne. Shekara da shekaru, in ban da Makarantar Nazarin Muhalli ta Gwarzo, wadda reshe ce ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, yaron da ya gama sakandare a wannan yanki sai ya ɗauki jaka ya nufi birnin Kano ko Zariya kafin ya ga ƙofar babbar makaranta.

Murnar samun makaranta kan tsaya a kan gini da guraben aiki da kasuwar da za ta buɗe. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: wa zai riƙe ta, wa zai naɗa shi, kuma wa zai iya cire shi? Tarihin Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero ya nuna cewa a kan wannan tambaya makomar makaranta take rataye. Saboda haka yana da kyau mu bi sawun kujerar shugaban jami'a a ƙasar Hausa tun daga farkonta.

Gidan da aka gada

Tsarin jami'o'inmu daga Ingila aka kwaso shi. A bisa takarda, iko ya kasu gida huɗu. Akwai uban jami'a, wanda yawanci sarki ne, aikinsa jagorantar bikin yaye ɗalibai. Akwai majalisar gudanarwa, mai kula da kuɗi da kadarori da ɗaukar ma'aikata. Akwai majalisar malamai, wadda a hannunta manhaja da jarrabawa da ba da digiri suke. Sai shugaban jami'a, wanda ke zaune a majalisun biyu, yana tafiyar da al'amuran yau da kullum tare da magatakarda da ma'aji. A saman dukkansu doka ta ajiye wani mutum da ta kira maziyarci, mai ikon aiko da kwamitin bincike lokaci zuwa lokaci. A Ingila wannan matsayi na girmamawa ne kawai, ba a cika jin ɗuriyar mai shi ba. A Najeriya shugaban ƙasa ne maziyarcin jami'o'in tarayya, gwamna kuma na jami'o'in jiha, wato wanda ke riƙe da lalitar da ake ciyar da jami'a. Daga nan mafi yawan rigingimun da za mu gani suka samo tushe.

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba 1962, bayan rahoton kwamitin Ashby na 1960 ya ba da shawarar ƙara jami'o'i a ƙasar. Ba daga fili aka fara ta ba. An haɗa cibiyoyin da suka riga ta: reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya, Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo, tashar binciken aikin gona ta Samaru, da Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, wadda ta tsiro a 1960 daga cikin Makarantar Nazarin Larabci. Sardauna Ahmadu Bello shi ne uban jami'ar na farko. Shugabanta na farko kuwa, Norman Alexander, masanin kimiyya ne ɗan ƙasar New Zealand da aka ɗauko daga Ibadan. Aikinsa shi ne ɗinke waɗannan cibiyoyi masu al'adu daban-daban su zama gida ɗaya, kuma ya yi aikin da goyon bayan gwamnatin Jihar Arewa wadda ta ɗauki jami'ar a matsayin abin alfaharinta.

Shekaru tara na Ishaya Audu

A 1966, shekarar da aka kashe Sardauna, aka miƙa jami'ar ga Dakta Ishaya Audu, likitan yara, Bahaushe Kirista da ya tashi a Wusasa. Bai kai shekara arba'in ba a lokacin. Ya karɓi jami'ar da ta rasa ubanta, a ƙasar da ke gangarawa zuwa yaƙin basasa. Tarzomar watan Mayu da ta Satumba na wannan shekara ta sa ɗalibai da ma'aikata 'yan asalin Gabas suka bar Zariya. A shekara ta gaba aka rushe Jihar Arewa aka yanka ta jihohi shida, jami'ar ta wayi gari da iyaye shida, kowanne da nasa lissafin.

Duk da haka, a zamaninsa ne jami'ar ta zama abin da aka san ta da shi. An buɗe tsangayar koyon aikin likita. An kafa makarantar share fagen shiga jami'a domin jawo yaran Arewa waɗanda ba su samu damar yin manyan azuzuwan sakandare ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka riƙe Arewa daga baya ta wannan ƙofa suka shiga. Abdullahi Smith ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Malamai suka taru a Samaru daga Afirka da Asiya da Turai da tsibiran Karibiyan. Abin lura a nan shi ne, an bar mutum ɗaya shekara tara yana gini, kuma al'ummar da akasarinta Musulmi ce ta amince wa Kirista ya riƙe mata babbar makarantarta. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu sake buƙatarsa idan muka iso shekarun 1990.

Alamar abin da ke tafe ta bayyana tun 1973. Malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki kan albashi, Janar Yakubu Gowon ya ba su zaɓi: ko su koma aji, ko su fita daga gidajen gwamnati. Suka koma. Tun daga ranar kowa ya gane cewa maziyarcin Najeriya ba irin na Ingila ba ne.

Kuɗin fetur da sandar soja

Shekarar 1975 ita ce mararraba. Ishaya Audu ya bar kujera, Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi, ya gaje shi. Gwamnatin tarayya, wadda kuɗin fetur ya cika wa aljihu, ta karɓe Jami'ar Ahmadu Bello da sauran jami'o'in da ke hannun jihohi, ta kuma kafa sababbi bakwai. Cikinsu akwai ta Sakkwato, wadda Farfesa Shehu Galadanci ya fara shugabanta, da kwalejin Kano wadda aka cire daga ƙarƙashin Zariya, ta zama cikakkiyar Jami'ar Bayero a 1977. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, wadda a da shawara kawai take bayarwa, ta samu ƙarfin doka, Farfesa Jibril Aminu ya zama sakatarenta. A 1978 aka kafa JAMB, ɗaukar ɗalibai ma ya koma tsakiya. Cikin shekara uku, kuɗi da ɗalibai da naɗin shugabanni duk sun koma hannun Legas. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ranar askin ba ta yi nisa ba. A watan Afrilu na 1978 aka ƙara kuɗin abincin ɗalibai da kwabo hamsin a rana, daga naira ɗaya da kwabo hamsin zuwa naira biyu. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta kira zanga-zangar neman a cire kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali. An harbe ɗalibi a Legas, sojoji suka harbe wasu a Samaru. Gwamnatin Janar Obasanjo ta haramta ƙungiyar, ta sallami wasu malamai, shugabannin jami'o'in Legas da Zariya, Ade Ajayi da Iya Abubakar, suka rasa kujerunsu. Ba su ne suka ƙara kuɗin ba, ba su ne suka harba bindiga ba, amma a kansu tulun ya fashe.

A wannan zamani ne gwamnati ta ɓullo da dabarar sauya wa shugabannin jami'o'i wurin aiki kamar hafsoshin bataliya, da sunan haɗin kan ƙasa. Aka kai Farfesa Akinkugbe daga Ilori zuwa Zariya, Farfesa Ezeilo daga Nsukka zuwa Kano, Farfesa Umaru Shehu daga Zariya zuwa Nsukka. Dakta Mahmud Tukur, shugaban Jami'ar Bayero na farko, aka ce ya tafi Legas. Ya ƙi, ya ajiye aiki. Mutum ne da ya yi zurfin nazari a kan ƙa'idojin shugabanci a rubuce-rubucen jagororin Daular Usmaniyya, kuma matakin da ya ɗauka ya dace da abin da ya karanta. Dabarar ba ta yi ƙarko ba: Akinkugbe da Ezeilo ba wanda ya wuce shekara guda da 'yan watanni a sabon wurinsa. Shugaban da aka jefo daga sama ba ya da jama'a a majalisar malamai, kuma jami'a ba ta tafiya da umarni kaɗai.

23 ga Mayu 1986

Farfesa Ango Abdullahi, masanin aikin gona, ya karɓi Jami'ar Ahmadu Bello a 1979. Zamaninsa ya zo daidai da faɗuwar farashin fetur da kuma tashen malamai masu ra'ayin sauyi, irin su Dakta Yusufu Bala Usman da Patrick Wilmot. A 1986 ɗalibai suka yi jerin gwanon tunawa da waɗanda aka kashe a 1978, jerin gwanon ya ratsa ta ɗakin kwanan mata na Amina, abin da dokar jami'a ta hana. Hukuma ta hukunta shugabannin ɗalibai, ɗalibai suka tayar da ƙayar baya, aka kira 'yan sanda. Ranar 23 ga Mayu 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a harabar Samaru. Gwamnati ta ce mutum huɗu suka mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka. Tarzoma ta bazu zuwa sauran jami'o'i, aka rufe da dama, Ango Abdullahi ya bar kujera a wannan shekara.

Kwamitin binciken da Janar Babangida ya kafa ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye ya ɗora wani ɓangare na laifin a kan malaman da ya ce suna koyar da abin da ba shi aka ɗauke su su koyar ba. Wannan zargi ya zama makami. A 1988 aka kama Wilmot aka fitar da shi daga ƙasar. A 1989 aka kori Bala Usman, sai da kotu ta mayar da shi. Darasin da shugabannin jami'o'i suka ɗauka a lokacin mai ɗaci ne: gwamnati tana auna shugaba da yadda ya iya danne harabarsa, malamai da ɗalibai kuma suna auna shi da yadda ya iya kare su daga gwamnati. Da wuya mutum ɗaya ya ci jarrabawar biyu.

Maƙwabtanmu na Nijar sun sha irin wannan. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 jami'an tsaro suka harbe ɗalibai uku na Jami'ar Yamai a kan gadar Kennedy, abin da ya gaggauta kiran taron ƙasa na 1991. Kusan shekara talatin bayan haka, a 2019, ƙungiyar malaman jami'o'in Nijar ta yi dogon yajin aiki a kan ko malamai ne za su zaɓi shugabannin jami'o'i ko gwamnati ce za ta naɗa su. Gwamnati ta yi nasara. Tsarin Faransa suka gada, mu muka gaji na Ingila, amma tambayar ɗaya ce.

Kantoma a Samaru

Tsarin gyaran tattalin arziki da aka fara a 1986 ya karya darajar naira, albashin farfesa ya koma abin tausayi. Baƙin malamai suka tattara, 'yan gida da dama suka bi su zuwa Amurka da Ingila da Saudiyya da kudancin Afirka, wasu suka koma bankuna. A wannan hali ne ƙungiyar ASUU, wadda aka kafa a 1978, ta zama ƙarfi na uku a tsakanin gwamnati da shugabannin jami'o'i. Dakta Attahiru Jega na Jami'ar Bayero ya jagorance ta daga 1988 zuwa 1994. Sau biyu gwamnatin soja ta haramta ta, a 1988 da 1992, amma yarjejeniyar 1992 ta haifar da harajin ilimi na kashi biyu cikin ɗari na ribar kamfanoni a 1993. Asusun da aka kafa da wannan haraji shi ne ya zama TETFund a 2011, kuma duk wanda ya zaga harabar wata jami'ar gwamnati a yau zai ga sunansa a jikin mafi yawan sababbin gine-gine.

A Zariya kuwa al'amura sun ƙara dagulewa. Zamanin Farfesa Daniel Saror, daga 1991 zuwa 1995, ya ƙare cikin rikicin da ya ɗauki launin addini da ƙabilanci, malamai suka rabu sansani-sansani. Jami'ar da ta zauna lafiya shekara tara ƙarƙashin Ishaya Audu ta kai matsayin da ake fara tambayar addinin mutum da garinsu kafin a tambayi iliminsa. Janar Sani Abacha ya warware matsalar irin ta soja: ya naɗa Manjo Janar Mamman Kontagora mai ritaya a matsayin kantoma, ya haɗa masa ikon shugaba da na majalisar gudanarwa. Ya riƙe jami'ar daga 1995 zuwa 1998. Har yau akwai masu yaba masa da dawo da tsari, akwai masu ganin zamaninsa a matsayin mafi ƙasƙancin abin da ya sami jami'ar. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, sai da bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga. Malaman da suka kasa sasanta kansu su suka buɗe wa soja ƙofa.

Abin da Kano ta yi daban

Jami'ar Bayero ta sha yajin aiki da ƙarancin kuɗi kamar kowa, ta kuma ga baƙar rana a 29 ga Afrilu 2012 lokacin da 'yan bindiga suka kashe masu ibada Kirista a tsohuwar harabarta, cikinsu har da farfesoshi biyu. Amma tun daga 1979, lokacin da Farfesa Ibrahim Umar ya karɓe ta, ba a taɓa aiko mata da kantoma ba, kuma miƙa mulki daga shugaba zuwa shugaba ya fi na takwarorinta da yawa sauƙi. Ɗandatti Abdulƙadir, Sani Zahraddeen, Bello Baƙo Dambatta, Musa Abdullahi, Attahiru Jega, Abubakar Rasheed, Muhammad Yahuza Bello, Sagir Adamu Abbas: jerin mutane ne da suka taso a cikin gidan, da yawansu sun yi wa wanda suka gada mataimaki ko sun riƙe tsangaya a ƙarƙashinsa.

Abubuwa biyu sun taimaka. Na farko, jami'ar ta raya al'adar gabatar da masu neman kujera a gaban taron malamai da manyan ma'aikata, su faɗi manufofinsu, a kaɗa ƙuri'ar jin ra'ayi. Ƙuri'ar ba ta ɗaure majalisar gudanarwa a doka, amma wanda ya hau da ita ya san yana da jama'a. Na biyu, shugabanni sun ci gaba da ayyukan da suka tarar. Tallafin gidauniyar MacArthur ta Amurka, wanda ya shigo a farkon shekarun 2000 zamanin Musa Abdullahi, ya ci gaba da amfani a hannun waɗanda suka biyo baya, musamman wajen horar da malamai da samar da kwamfuta da intanet. Wannan tsari yana da nasa haɗarin, domin gidan da ba ya karɓar baƙo yana iya rufe kansa daga sabon tunani. Sai dai idan aka auna shi da abin da ya faru a Samaru, amfaninsa a fili yake.

'Yanci a takarda

Dokar soja ta 1993 da gyaran da aka yi mata a 1996 sun mayar da wa'adin shugaban jami'ar tarayya shekara biyar, sau ɗaya tak, domin a kashe rigimar neman zarcewa. Gyaran 2003 ya ɗauke ikon naɗin daga hannun shugaban ƙasa ya ba majalisar gudanarwa: ita ke tallata kujerar, kwamitin haɗin gwiwa da majalisar malamai ya tantance ya kawo sunaye uku, ta zaɓi ɗaya, ta sanar da maziyarci. Wannan ci gaba ne na gaske.

Amma shugaban majalisar gudanarwar da wakilan waje gwamnati ce ke naɗa su, sau da yawa a matsayin ladan siyasa, kuma tana iya rushe su. A watan Yuni na 2023 aka rushe majalisun jami'o'in tarayya gaba ɗaya, suka zauna kusan shekara babu su. A Nuwamba 2024 shugaban ƙasa ya cire shugaban Jami'ar Nnamdi Azikiwe, a Fabrairu 2025 ya cire shugabar Jami'ar Abuja, duk bayan rigima a kan yadda aka naɗa su. Ta fuskar kuɗi ma haka: asusun bai-ɗaya na 2015 da tsarin biyan albashi na IPPIS sun mayar da shugaban jami'a mai jiran izinin Abuja kafin ya ɗauki ko da ƙaramin malami, har zuwa Disamba 2023 da aka amince a fitar da jami'o'i daga tsarin. Yajin aikin 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, kuma babu shugaban jami'ar da ke da ikon fara su ko kawo ƙarshensu.

Wata sabuwar matsala kuma daga ƙasa take tasowa, wato kiran sai ɗan gari. A 2022 wasu mutanen Ile-Ife suka yi zanga-zanga a ƙofar Jami'ar Obafemi Awolowo saboda ba a naɗa ɗan garinsu ba. Jami'o'in jiha kuwa suna rawa ne da kiɗan gidan gwamnati. Jami'ar Northwest da aka kafa a Kano a 2012 ta koma Jami'ar Yusuf Maitama Sule a 2017, daga baya wata gwamnatin ta mayar mata da sunanta na farko. Makarantar da sunanta ma bai tsira daga canjin gwamnati ba, ina ga shugabanta?

Icce tun yana ɗanye

A watan Agusta na 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantunta har shekara bakwai, bisa hujjar cewa an yawaita su fiye da abin da za a iya ɗauka. Ma'anar wannan ga Kabo ita ce, ta shiga sahu ne a lokacin da tuwon ya yi kaɗan, masu ci suka yi yawa. Shugabanninta na farko za su yi aiki da ƙaramin kasafi, da matsin lambar 'yan siyasar da suka yi ɗawainiyar kawo ta, da kuma dogon layin 'yan uwa da abokan arziki masu neman aiki da kwangila.

A nan ne 'yan bokon yankin, na Gwarzo da Kabo da Lakwaya da kewaye, waɗanda ke aiki a Kano da Kaduna da Abuja, suke da rawar takawa. Su ne za a fara aikowa da takardun neman alfarma, su ne kuma za a nemi su sa baki idan an zo naɗi. Suna iya neman a ba yaran yankin hanyar shiga ta gaskiya, irin makarantar share fage da Ishaya Audu ya kafa a Samaru, maimakon neman a ba ɗan gari kujera ko ya cancanta ko bai cancanta ba. Suna iya tambayar su wane ne a majalisar gudanarwa, me suka sani game da ilimi, kuma ana bin matakan da dokar 2003 ta shimfiɗa ko ba a bi. Suna iya matsa wa a ɗauki malamai na farko bisa cancanta daga ko'ina suke, domin waɗannan ne za su zama majalisar malamai ta shekaru ashirin masu zuwa, kuma daga cikinsu shugabannin gobe za su fito. Al'adar da aka dasa a shekaru biyar na farko ita makaranta ke rayuwa da ita, mai kyau ce ko maras kyau, kuma gyara ta daga baya ya ci wa Samaru shekaru masu yawa.